KWANTSA A IDON JARIRI: KADA A JIRA SAI AN YI SUNA

A mafi yawan gidajenmu, idan aka yi haihuwa, kwanaki bakwai na farko kwanakin zaman ɗaki ne. Maijego tana fama da wanka da kunun kanwa, 'yan barka suna shiga suna fita, maigida kuma hankalinsa yana kan rago da goro. Jariri ba ya leƙa ko ƙofar gida sai an raɗa masa suna. To, a cikin waɗannan kwanaki ne wani lokaci uwa kan wayi gari ta ga idon ɗanta ya kumbura, ya manne da kwantsa. Ta goge, kafin ta gama ba shi nono wata ta sake taruwa. Ta nuna wa kaka, kaka ta ce ai ba komai, a ɗiga masa nono, in bai bari ba a kai shi asibiti bayan suna.

Da kyakkyawar niyya ake ba da wannan shawara, amma ta sha zama sanadin makantar yara. Akwai irin ciwon idon jarirai da kan bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 5 da haihuwa, wanda ke iya huda ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Kafin ranar suna ta zo, aikin gama ya gama. Abin takaici kuma, allura guda ɗaya kan isa ta kashe ƙwayar cutar da a ce an kawo yaron da wuri. Saboda haka a wannan fitowa za mu yi bayani a kan ciwon jan ido, irin na manya da irin na jarirai, domin masu juna biyu da mazajensu da kakanni su san wanda ake haƙuri da shi a gida da wanda ake rugawa asibiti a kansa.

MENE NE CIWON JAN IDO?

Allah Ya lulluɓe farin ido da cikin fatar ido da wani tantani marar kauri, garau kamar ruwa, mai ɗauke da ƙananan jijiyoyin jini. Aikinsa shi ne kare ido da kuma taimakawa wajen jiƙa shi. Idan ƙwayar cuta ta shiga wannan tantani, ko wani abu ya dame shi, sai jijiyoyin su cika da jini, ido ya yi ja, ya riƙa hawaye ko kwantsa, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi.

Abubuwan da ke kawo shi ga yara da manya sun kasu kamar haka:

1. Ƙwayoyin bairos. Su ne suka fi yawa. Ido kan yi ja da hawaye, sau da yawa tare da mura ko ciwon maƙogwaro. Yakan fara da ido ɗaya ya koma ɗayan, kuma yana saurin yaɗuwa a gida. Yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci uku.

2. Ƙwayoyin bakteriya. Kwantsar takan yi kauri, ruwan ɗorawa ko kore-kore, ta manne ido da safe. Wannan ne maganin ɗigawa na kashe ƙwayoyin cuta ke yi wa amfani.

3. Rashin jituwar ido da ƙura, hayaƙi, turare ko furen tsirrai. Babbar alamarsa ƙaiƙayi. Shi ne ke sa farin idon wasu yara ya rine ya koma ƙasa-ƙasa saboda yawan murza. Ba a ɗaukarsa daga wani.

Ban da waɗannan, akwai amosanin ido wanda ke da alaƙa da ƙarancin ruwa da ƙudaje, haka nan ƙyanda ma kan zo da jan ido. Yaron da ke da jan ido da zazzaɓi da ƙuraje, a kai shi asibiti domin a duba shi a kuma ba shi bitamin A.

APOLO

Wanda jama'a suka fi sani shi ne Apolo. An fara ganin annobarsa a ƙasar Gana cikin shekarar 1969, shekarar da kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya sauke mutane a duniyar wata. Da yake abubuwan biyu sun zo lokaci guda, sai mutane suka laƙaba wa ciwon sunan kumbon, sunan kuma ya bi shi har Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Bayan haka masana suka gano cewa wata ƙwayar bairos ce ke kawo shi, babu ruwansa da wata.

Apolo kan kama mutum farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu da haɗuwa da ƙwayar. Ido ya kumbura, ya yi jajir kamar garwashi, har a ga alamar jini a farinsa. Duk da ban tsoron da yake da shi, yakan wuce cikin mako ɗaya ko biyu ba tare da ya bar illa ba, muddin ba a zuba wa idon wani abin da zai ƙona shi ba.

Ba a ɗaukar Apolo ta hanyar kallon idon mai shi. Hannu ne ke yaɗa shi. Mai ciwon ya murza ido, ya taɓa buta, ko marfin ƙofa, ko wayar hannu, ko ya gaisa da wani, shi kuma ya kai hannu idonsa. Haka nan tawul, hankici, matashin kai da maciyin kwalli duk suna ɗaukar ƙwayar. Baƙin tabarau yana rage wa mai ciwon zafin haske, amma abin da ke kare sauran mutanen gida shi ne wanke hannu da sabulu.

ME YA SA NA JARIRI YA BAMBANTA?

Duk jan ido, kumburi ko kwantsa mai kama da mugunya da aka gani a idon jariri cikin kwana 28 na farko, likitoci suna ɗaukarsa a matsayin larurar gaggawa har sai bincike ya nuna akasin haka. Dalili shi ne jariri bai da ƙarfin garkuwar jiki, hawayensa bai wadata ba, sannan ƙwayoyin da kan kama idonsa ba irin na Apolo ba ne. Mafi haɗarinsu a hanyar haihuwa yake haɗuwa da su lokacin da yake fitowa. Ranar da ciwon ya bayyana takan taimaka wa likita wajen hasashen abin da ya kawo shi.

Ranar farko: ido kan ɗan yi ja da hawaye saboda maganin rigakafin da aka sa masa a ɗakin haihuwa. Wannan ba ya zuwa da mugunya, kuma yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu.

Kwana 2 zuwa 5: nan ne lokacin ƙwayar gonoriya, wato ciwon sanyin da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Fatar ido biyu takan kumbura suntum har yaron ya kasa buɗewa, mugunya mai kauri ta riƙa fita, ana gogewa tana dawowa. Wannan ƙwaya tana da wani hali da yawancin ƙwayoyin cuta ba su da shi: tana iya ratsa madubin ido, wato ɓangaren nan garau da ke gaban baƙin ido, ko da babu wani rauni a kansa. Ta yi masa gyambo, ta huda shi. Idan abin ya warke, sai a ga farin tabo ya rufe baƙin idon, yaro ya tashi ba ya gani. Ƙwayar kuma tana iya shiga jini, ta kai ga gaɓoɓi ko ta kawo sanƙarau. A cikin jarirai goma da aka haifa alhali uwayensu na ɗauke da gonoriya ba a yi magani ba, uku zuwa biyar kan kamu da wannan ciwon ido idan ba a sa musu maganin rigakafi ba.

Kwana 5 zuwa 14: lokacin ƙwayar kilamidiya ke nan, ita ma ta hanyar saduwa manya ke ɗaukarta. Takan fara da ruwa-ruwa sannan ta koma mugunya, kumburin kuma bai cika kai na gonoriya ba. Sai dai ba a ido kaɗai take tsayawa ba. Takan zauna a hanci da maƙogwaron jariri, daga baya wasu yaran su kamu da ciwon huhu tsakanin wata ɗaya zuwa uku, da tari da saurin numfashi. Shi ya sa maganin ɗigawa kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da na sha.

Akwai kuma sauran ƙwayoyin bakteriya da jariri kan samu daga hannun masu ɗaukarsa, waɗanda yawanci ba su da tsanani. Haka nan akwai wata ƙwayar bairos mai suna hafis, mai fitar da ƙananan ƙuraje masu ruwa a leɓe ko a al'aura. Ba kasafai take kama jariri ba, amma idan ta kama shi tana da haɗari ƙwarai. Duk wanda ke da irin waɗannan ƙuraje a baki kada ya sumbaci jariri.

Uwa ba za ta iya bambance waɗannan da ido ba, kaka ma haka, mai kemis ma haka. Sai an ɗebi kwantsar an kai ɗakin gwaji.

BA KOWACE KWANTSA CE CIWO BA

Domin kada hankalin iyaye ya tashi a kan komai, ga abubuwa biyu da aka saba gani waɗanda ba su da haɗari.

Na farko, toshewar magudanar hawaye. Akwai wata 'yar hanya da ke kwashe hawaye daga kusurwar ido zuwa cikin hanci. A wasu jarirai ba ta gama buɗewa ba lokacin haihuwa, sai a ga ido kullum cike da ruwa, da 'yar kwantsa a kusurwa bayan barci. Amma farin idon fari ne tas, fatar ido ba ta kumbura ba, yaro yana buɗe idonsa yana shan nono lafiya. Kusan tara cikin goma na irin waɗannan yara hanyar kan buɗe da kanta kafin su cika shekara. Ma'aikaciyar jinya za ta nuna wa uwa yadda ake ɗan tausa gefen hanci da yatsa mai tsabta.

Na biyu, ɗan jan tabo kamar ɗigon jini a farin ido tun ranar haihuwa. Matsin naƙuda ne ya fasa wata ƙaramar jijiya, kuma yakan ɓace da kansa cikin 'yan makonni.

Duk da haka, bari ma'aikacin lafiya ya zama shi ne zai ce ba komai, bayan ya duba.

RIGAKAFI DAGA WAJEN AWO YAKE FARAWA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an samu sababbin kamuwa da kilamidiya miliyan 129, da gonoriya miliyan 82, a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49 a faɗin duniya. Ke nan ba baƙin cututtuka ba ne, kuma ba su bar wata ƙasa ko wani jinsi ba. Abin da ya sa suke ɓuya shi ne, fiye da rabin matan da ke ɗauke da su ba sa jin alamar komai. Mace tana iya yin watanni da ƙwayar ba ta sani ba.

A nan sai a lura. Mata kan kira kowane irin ƙaiƙayi ko fitar farin ruwa da sunan sanyi, alhali da yawa daga ciki ba ta saduwa ake ɗaukarsu ba, kuma ba sa taɓa idon jariri. Gwaji ne ke rarrabewa. Don haka shan maganin sanyi na kasuwa, ko jiƙe-jiƙe, ko matsi, ba ya tabbatar wa mai ciki cewa ta rabu da ƙwayar da muke magana a kai.

Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu, na farko cikin watanni uku na farko. Idan kin zo awo, ki tuna ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki faɗa wa ungozoma ko likita idan:

1. Kina ganin ruwa mai launi ko mai wari yana fita daga gabanki.
2. Kina jin zafi wajen fitsari, ko ciwon mara, ko zafi lokacin saduwa.
3. Akwai ƙuraje ko gyambo a gabanki.
4. Maigida yana fama da zafin fitsari ko fitar mugunya, ko ya yi a kwanan baya.
5. Kin taɓa haihuwar jaririn da idonsa ya yi mugunya.

Akwai magungunan da ke kashe waɗannan ƙwayoyi waɗanda ba sa cutar da ciki. Yin maganin kuma yana rage haɗarin fashewar faya kafin lokaci da haihuwar bakwaini.

Kira ga magidanta: idan likita ya ce a zo da maigida, don Allah a zo. Idan aka yi wa uwargida magani aka bar miji, ƙwayar za ta sake komawa gare ta kafin ta haihu, wahalar ta zama ta banza. Idan gidan mata biyu ne ko fiye, dukkansu za a yi wa magani lokaci guda, kuma a dakata da saduwa har kwana bakwai bayan kowa ya kammala. Ma'aikatan lafiya ba alƙalai ba ne, ba sa neman wanda ya fara kawowa, kuma sirrinku amana ne a hannunsu. Abin da ake so a ceto shi ne idon ɗanku.

MAGANIN DA AKE SAWA A ƊAKIN HAIHUWA

A ƙarni na 19 wannan ciwo yana cikin manyan abubuwan da ke cika makarantun makafi da yara a ƙasashen Turai. A shekarar 1879 wani likitan Jamus mai suna Albert Neisser ya gano ƙwayar gonoriya. Ba da jimawa ba, wani likitan mata a birnin Laifzig na Jamus, Carl Credé, ya fara ɗiga wa duk jaririn da aka haifa a asibitinsa wani ruwan magani na sinadarin azurfa, ya kuma wallafa sakamakon a 1881. Kafin nan kusan jariri ɗaya cikin goma ne ke kamuwa a asibitin, bayan haka suka koma ƙasa da ɗaya cikin ɗari. Daga nan al'adar ta bazu a duniya.

A yau an fi amfani da man shafawa na ido, irin su tetirasaikilin ko eritiromaisin. Da zarar an haifi jariri, ungozoma za ta goge masa fatar ido da auduga mai tsabta, ta sa maganin a ido biyu, sau ɗaya, cikin sa'ar farko. Ba a wanke shi bayan an sa. Ana yi wa kowane jariri, har wanda aka ciro ta hanyar tiyata, kuma yin sa ba zargi ba ne ga uwa.

Wannan yana daga cikin amfanin haihuwa a asibiti. Idan haihuwa ta zo a gida, a kai uwa da jariri asibiti mafi kusa a ranar, domin a duba su, a sa maganin ido, a kuma yi allurar rigakafin farko. Sai dai a sani, man idon yana kare gonoriya sosai amma bai cika hana kilamidiya ba. Don haka ko an sa wa jariri, idan mugunya ta bayyana daga baya a dawo da shi.

ABUBUWAN DA BA A SAWA A IDO

Da yawa daga cikin idanun da ke lalacewa, abin da aka zuba musu ne ya ƙarasa su.

Nono. Babu abincin da ya kai shi ga jariri, amma ba ya kashe ƙwayar gonoriya. Babbar illarsa ita ce yana sa a zauna ana jiran sauƙi har lokaci ya ƙure.

Fitsari, na mutum ko na dabba. Fitsarin mai gonoriya yana ɗauke da ƙwayar, kuma an sha ganin manya masu Apolo da suka rasa ido ta wannan hanya.

Ruwan sukari, ruwan albasa, lemun tsami, ruwan ganye, garin magani, ruwan batir. Wasu suna ƙona madubin ido, wasu suna shigar da sababbin ƙwayoyin cuta.

Kwalli. An saba rangaɗa wa jariri domin ado, wasu kuma suna ganin yana wanke ido. Kwallin dutse yawanci dalma ce, gubar nan da ta hallaka ɗaruruwan yara a jihar Zamfara a 2010. A shekarar 2012 hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa, da aka bincika sai aka gano daga kwallin da ake sa masa ne, wanda fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Ga shi kuma maciyi ɗaya ne ke zagaya idon uwa da na yayye da na jariri. Kada garin neman gira a rasa ido.

Maganin cibiya. Wannan a kula da shi ƙwarai. Ana ba maijego maganin kulohekzidin domin shafa wa cibiyar jariri, kuma yana da amfani matuƙa a wurin. Amma mazubinsa kan yi kama da na maganin ido. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi bayan samun rahotannin yara a ƙasashen Afirka da dama da aka sa musu shi a ido bisa kuskure, wasu har suka makance. Kafin ki bar asibiti, ki sa a nuna miki wanne ne na cibiya, ki ajiye shi daban, ki kuma sanar da duk mai taya ki wankan jariri. Idan tsautsayi ya sa ya shiga ido, a yi ta wanke idon da ruwa mai tsabta mai yawa nan take, a garzaya asibiti tare da mazubin.

Ragowar maganin ɗigawa na wani, ko na kemis ba da takardar likita ba. Wasu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, mai kwantar da ja nan da nan har a zaci an warke, alhali yana ba ƙwayar cuta damar cin ido. Yawan amfani da shi kuma yana kawo hawan jinin ido da yana.

YAUSHE ZA A GARZAYA ASIBITI?

A kawo jariri a ranar, ko dare ne, ko ranar hutu ce, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Fatar ido ta kumbura ko ta yi ja.
2. Mugunya tana fita, ana gogewa tana dawowa.
3. Farin ido ya yi ja, ban da ɗan tabon haihuwa da aka ambata.
4. Baƙin ido ya yi hazo, ko an ga fari a tsakiyarsa, ko ido ɗaya ya fi ɗaya girma.
5. Ƙuraje masu ruwa a fatar ido ko a fuska.
6. Ciwon ido tare da ƙin kama nono, zazzaɓi, sanyin jiki, saurin numfashi, yawan barci ko jijjiga.

Kafin a taso, uwa ta wanke hannu da sabulu, ta jiƙa auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, ta goge daga gefen hanci zuwa gefen kunne sau ɗaya, ta yar. Kowane ido da tasa audugar. Kada a danna idon, kada a buɗe shi da ƙarfi, kada a ɗaure shi da tsumma. A taho da katin awo da duk maganin da aka riga aka sa, a kuma faɗi gaskiyar abin da aka zuba, domin hakan zai taimaki likita.

A asibiti za a duba madubin idon, a ɗebi kwantsa don gwaji, a wanke idon da ruwan gishirin asibiti. Idan ana zaton gonoriya ce, ba a jiran sakamako, za a yi wa jariri allura nan take, sau da yawa a kwantar da shi domin a ci gaba da wanke idon a kai a kai. Idan kilamidiya ce, za a ba da maganin sha na kwana 3 ko na kwana 14, gwargwadon wanda likita ya zaɓa. A ƙarasa shi ko da ido ya washe. Uwa da uba su ma za a yi musu magani. Jaririn da aka kawo kafin madubin idonsa ya taɓu yakan warke sarai.

IDAN CIWON IDO YA SHIGO GIDAN MAI CIKI KO MAIJEGO

Mai cikin da ta kamu da Apolo ta kwantar da hankalinta, domin ba ya bi ta cikin mahaifa ya kama idon ɗan da ke ciki. Ta riƙa dafa idon da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, ta guji murzawa, ta ajiye kwalli har ta warke. Kada ta sayi magani da kanta, kuma duk inda ta je neman magani ta faɗi cewa tana da juna biyu. Idan akwai zafi mai tsanani, ko ganinta ya ragu, ko mugunya ta yi yawa, ko mako ya wuce babu sauƙi, ta zo sashen ido.

Wani abin lura: dishi-dishin gani ko ganin walƙiya, tare da ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da hannu, musamman bayan ciki ya wuce wata biyar ko a kwanakin jego, ba ciwon ido ba ne. Alama ce ta hawan jinin masu ciki wanda ke kai wa ga jijjiga. A kai ta asibiti nan take.

Maijego mai Apolo ta ci gaba da shayarwa, ba ya bi ta nono. Ta wanke hannu da sabulu kafin ta ɗauki jariri, ta ware tawul ɗinta da matashinta. Yayyen da suka kwaso ciwon daga makaranta a hana su taɓa fuskar ƙaninsu. 'Yan barka kuwa, mai jan ido ya yi barkarsa daga bakin ƙofa, sauran a ajiye musu buta da sabulu. Wannan ba wulaƙanci ba ne, kuma zai fi sauƙi idan kaka ko uwar miji ce ta faɗa, tunda maijego takan ji nauyi.

Daga ƙarshe, ko babu wata damuwa, a riƙa kawo jariri a duba shi a rana ta uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kuma mako shida. Mai ciki ta zauna da maigida da iyaye tun yanzu a yi wannan magana, a amince cewa idan idon jariri ya yi mugunya za a fita da shi a ranar, ko an yi suna ko ba a yi ba, a kuma ware kuɗin mota cikin tanadin haihuwa. Duk mai tambaya ta yi wa ungozoma a ranar awonta na gaba.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuri'a, amin.